Saurin da ya tona asirin ɗalibai: nazarin saitin wata sabar yanar gizo

Ƙorafin da ya jawo ni cikin wannan aiki gajere ne. Wata ɗaliba ta buɗe shafin cibiyar da take ɗaukar darussa ta intanet don ta duba sakamakonta, sai ta tarar da sunan wani a sama, da makinsa, da adireshin imel ɗinsa. Ta sabunta shafin, sunan yana nan daram. Da ta sa kalmar sirrinta ta shiga, nata ya fito kamar ba a yi komai ba. Allah ya sa ta ɗauki hoton allon wayarta kafin ta shiga, domin in ba don hoton nan ba babu mai yarda da ita. Ma'aikatan cibiyar sun gwada, sun sake gwadawa, kowa nasa yake gani.

Tsarin shafin irin wanda aka saba gani ne. A can ciki akwai manhajar da ke haɗa shafuka, tana karanto bayanai daga rumbun bayanai. A gabanta akwai Nginx, sabar da Igor Sysoev ya fitar a 2004, wadda ke karɓar buƙatun masu ziyara ta miƙa wa manhajar, ta karɓo amsa ta mayar musu. A gaban Nginx kuma akwai na'urar rarraba buƙatu ta kamfanin da ke ba su hayar sabar. Abubuwan da ke shafin kashi uku ne, ko da yake kafin wannan lamari babu wanda ya taɓa zama ya raba su haka: shafukan da kowa zai iya gani, kamar jerin darussa da sanarwa, sashen ɗalibai, inda sakamako da takardun shaida suke, sai sashen masu gudanarwa.

Makonni kaɗan kafin ƙorafin, shafin ya durƙushe ranar da aka fitar da sakamako, saboda kowa ya zo lokaci guda. Wanda ke kula da sabar a lokacin ya yi abin da mutane da yawa za su yi in wuta ta kama: ya kunna ma'ajiyar wucin gadi, wadda masu sana'ar ke kira kash. Dabarar mai sauƙi ce. In manhaja ta haɗa shafi sau ɗaya, Nginx ta ajiye kwafinsa a faifai, duk wanda ya zo neman wannan adireshin a ba shi kwafin, ba sai an sake tayar da manhajar ba. Shafin ya koma kamar walƙiya, aka yaba masa, kuma ya cancanci yabon a ranar.

Yadda ɓarakar ta kasance

Abu na farko da na yi shi ne buga `nginx -T`, wanda ke zazzago duk saitin da sabar ke aiki da shi a wuri ɗaya, har da ƙananan fayilolin da aka jawo daga wasu foldoji. Ga layukan da suka tsayar da ni:

```
proxy_cache shafi;
proxy_cache_valid 200 10m;
proxy_ignore_headers Cache-Control Expires Set-Cookie;
proxy_cache_bypass $cookie_zama;
```

Layi na uku shi ne mafarin ɓarnar. Nginx, in aka bar ta yadda ta zo, tana da kunya. Ba ta ajiye amsar da manhaja ta yi wa alamar `private` ko `no-store` ko `no-cache`, kuma ba ta ajiye amsar da ke ɗauke da `Set-Cookie`, wato umarnin da ke dasa kuki a burauzar mai ziyara, ɗan guntun bayanin da shafi ke gane mutum da shi in ya dawo. Manhajar cibiyar kuwa tana dasa wani ƙaramin kuki na zaɓin harshe a kowane shafi, har shafin farko. Saboda haka da mutumin ya kunna kash, bai ga wani canji ba. Nginx ta ƙi ajiye komai. Maimakon ya tambayi dalilin ƙin, sai ya ce mata ta toshe kunnenta daga duk gargaɗin manhajar. Ta kuwa toshe.

Sai dai ba sakarai ba ne. Ya san akwai masu shiga da kalmar sirri, shi ya sa ya ƙara layi na huɗu: duk buƙatar da ta zo da kukin zama, wato shaidar cewa mutum ya shiga, kada a ba ta kwafi, a je wurin manhaja a karɓo mata sabo. A ido wannan ya isa. Inda gizo ke saƙar shi ne, `proxy_cache_bypass` hana ɗaukowa daga ma'ajiya kawai yake yi. Ba ya hana ajiyewa. Mai hana ajiyewa wani umarni ne daban, `proxy_no_cache`, kuma babu shi a saitin.

To ga abin da ke faruwa. Ɗalibi ya shiga, ya buɗe shafin sakamako. Nginx ta ga kuki, ta wuce kash, ta karɓo masa shafinsa, ya ga nasa lafiya lau. Amma a hanyar dawowa ta ajiye kwafi. Sunan da take ajiye kwafi da shi kuwa, in ba a canza ba, adireshin shafin ne kawai. Babu sunan mutum a ciki, babu kuki. Cikin minti 10 masu zuwa, duk wanda ya buɗe wannan adireshin ba tare da ya shiga ba, kamar ɗalibarmu da ta ajiye mahaɗin a burauzarta, za a miƙa masa shafin mutum na ƙarshe da ya duba. Da manhajar ce ta ga buƙatarsa, da ta tura shi shafin shiga da lambar 302. Amma buƙatar ba ta ma isa wurinta ba. Mai gadin yana cikin ɗaki, kayan kuma an baje su a ƙofar gida.

Wannan ne ya sa ma'aikata ba su taɓa gani ba: kullum a shige suke, kullum kash na kauce musu. Mutumin da bai da izini kaɗai ke iya ganin ɓarakar, shi ne kuma wanda babu mai gwadawa da idonsa.

Tabbatarwa ba ta ɗauki lokaci ba. Na ƙara layin da ke sa Nginx ta faɗi inda ta samo amsa, ta hanyar `$upstream_cache_status`. Na shiga da asusun gwaji a burauza, amsar ta ce BYPASS, wato an kauce wa kash. Na koma na nemi shafin da `curl`, wata 'yar manhajar neman shafi ba tare da burauza ba, ba kuki ba komai, amsar ta ce HIT, wato daga kash ta fito, ga kuma sunan asusun gwajin a jikin shafin.

An ci sa'a a wuri ɗaya, kuma sa'a ce tsagwaronta. In aka ce wa Nginx ta yi biris da `Set-Cookie`, tana ajiye shi tare da shafin, ta raba wa duk wanda ta ba kwafin, sai dai in an ɓoye shi da `proxy_hide_header`. Da a ce manhajar tana sabunta kukin zama a kowane shafi, da ba sakamako kaɗai baƙo zai gani ba, asusun gaba ɗaya za a damƙa masa. Ita wannan a lokacin shiga kawai take bayarwa, shiga kuma da POST ake yi, wato buƙatar aika bayani, Nginx kuwa amsar buƙatun karɓowa, GET da HEAD, take ajiyewa in ba an ce mata wani abu ba. Duk da haka mun kashe duk zaman da ke buɗe, kowa ya sake shiga.

Irin wannan ba ƙananan cibiyoyi kaɗai ke faɗa masa ba. Ranar 25 ga Disamba 2015 masu amfani da Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta kamfanin Valve, sun yi ta ganin shafukan asusun wasu. Bayanin da kamfanin ya bayar daga baya shi ne an kai wa shafin harin cunkoso, aka sa sabon saitin kash don rage nauyi, saitin ya kama ajiye shafukan waɗanda suka shiga, abin ya shafi mutum kusan 34,000. Kusan labari ɗaya ne: matsi, gaggawa, kash.

Na so in san mutum nawa abin ya shafa a nan. Rajistar buƙatu ta Nginx, a tsarinta na asali, ba ta rubuta ko amsa daga kash ta fito, ba ta kuma rubuta kuki. Dole muka jera ta kusa da rajistar manhajar, muka nemo buƙatun shafin sakamako da Nginx ta amsa da 200, lambar da ke nufin an ba da shafin, amma manhajar ba ta san da zuwansu ba. Ɗalibar ba ita kaɗai ba ce. Ita ce dai ta yi magana. Shugaban cibiyar ya fara da tambayar ko za a iya gyarawa a yi shiru. Na ce masa, ranka ya daɗe, gyaran nawa ne, amma bayanan na ɗalibai ne, kuma ƙasashe da dama suna da dokar da ta wajabta sanarwa in bayanan mutane suka fita. Aka rubuta musu.

Nauyin da kash ya ɓoye

A daren na kashe kash, na share foldar kwafin, na sake loda saitin. Ɓaraka ta toshe, shafin kuma ya koma jan ƙafa. Nan ne aikin gaske ya fara, domin in ban gano abin da ke danne manhajar ba, ranar sakamako mai zuwa wani zai sake kunna abin da na kashe.

Rajistar ta nuna abin a fili. Mafi yawan buƙatun ba shafuka ba ne. Hotuna ne, da fayilolin ado na CSS, da na JavaScript, da haruffa. Shafi ɗaya yana jawo irinsu da yawa, kuma kowannensu sai ya bi ta manhajar: ta farka, ta duba zama, wani lokaci har ta taɓa rumbun bayanai, don kawai ta miƙa tambarin cibiyar da bai canza ba tun da aka zana shi. Kamar a sa alƙali ya bar shari'a yana raba takardun gayyata. Tsayayyun fayiloli, waɗanda ke zaune a faifai ba a haɗa su sabo ga kowa, aikin da Nginx ta fi gwanancewa a kai ke nan. Da `sendfile` ma ba ta ɗauko fayil ɗin cikin ƙwaƙwalwarta, tsarin kwamfutar take sa wa ya tura shi kai tsaye.

A nan na yi nawa kuskuren, kuma ya kamata in faɗe shi. Tsohon saitin yana da wani sashe da ke kama fayiloli ta ƙarshen sunansu, css da js da png da jpg. Na bar shi, na cire turawa zuwa manhaja, na nuna masa foldar da fayilolin suke, na kuma ƙara pdf a jerin don takardun darasi. A ƙasa na rubuta wani sashe na `/takardu/`, inda takardun shaidar ɗalibai suke, na kulle shi. Na duba, na ga komai ya yi kyau. Da na gwada da `curl` ba tare da shiga ba, takardar shaidar asusun gwaji ta sauko salin alin.

Dalili shi ne Nginx ba ta bin sassan `location`, wato sassan saitin da ke faɗa mata yadda za ta yi da kowane adireshi, daga sama zuwa ƙasa yadda ido ke karantawa. Tana fara duba wanda ya dace daidai, mai alamar `=`. In babu, ta nemi wanda farkon adireshinsa ya fi tsawon dacewa, ta riƙe shi a hannu, ba ta yanke hukunci ba tukuna. Daga nan ta bi masu kamawa da siffa, masu alamar `~`, ɗaya bayan ɗaya, na farkon da ya dace shi ya ci. Sai in babu ko ɗaya take komawa ga wanda ta riƙe. Ke nan sashena mai kama pdf ya kayar da sashen da na kulle, ƙofar na rufe amma taga a buɗe. Alamar `^~` ce ke cewa in wannan farkon adireshi ya dace, a tsaya nan, kada a duba siffofi.

Bayan wannan na watsar da kamawa ta ƙarshen suna gaba ɗaya. Akwai ma wani dalilin. A 2017 wani mai binciken tsaro, Omer Gil, ya nuna yadda ake yaudarar kash: a liƙa wani sunan ƙarya mai ƙarewa da css a bayan adireshin shafin asusu, a tura wa mutum mahaɗin. In manhajar ta yi watsi da ƙarin ta ba da shafin asusun, kash kuma ya ga css ya ɗauka kayan kowa ne ya ajiye, maharin sai ya zo ya ɗauki kwafin. Na gwada a tsohon saitin. Manhajar ta amsa da 404, wato babu wannan shafin, ta tsira. Amma ƙarshen suna ba ya gaya maka abu na wane ne. Wuri shi ke faɗa. Muka tattara kayan kowa a folda ɗaya:

```
location ^~ /kaya/ {
    root /srv/shafi;
    try_files $uri =404;
    add_header Cache-Control "public, max-age=31536000, immutable";
}
```

Lambar 31536000 daƙiƙoƙin shekara guda ne. Ba a yi wa fayil irin wannan alkawari sai in an tabbata ba zai canza ba, hanyar tabbatarwa kuwa ita ce a sa tambarin abin da ke cikinsa a sunansa. Kayan aikin da ke haɗa fayilolin shafin suna iya lissafo wasu haruffa daga cikin fayil su liƙa a suna. In an canza ko waƙafi ɗaya, haruffan sun canza, suna ya canza, burauza ta ɗauke shi baƙo ta sauko da shi. Kalmar `immutable`, wadda aka rubuta ƙa'idarta a RFC 8246 a 2017, tana gaya wa burauza kada ta ma tambaya ko an canza.

Ƙananan tarkuna biyu a wannan sashe. Na ɗaya, na zaɓi `root` na bar `alias` da gangan. Mai rubuta `location /kaya` ba tare da sandar ƙarshe ba, wato alamar `/`, ya haɗa da `alias` mai sanda a ƙarshe, ya buɗe hanyar da za a rubuta `/kaya../` a haura folda ta sama. Kuskure ne na harafi ɗaya, kuma sananne. Na biyu ya fi cin mutane: `add_header` ba ya taruwa. In ka sa kanun tsaro a matakin sabar gaba ɗaya, sannan ka sa `add_header` ko guda ɗaya a cikin wani `location`, duk na saman sun ɓace a wannan sashe. Sai da na sake jawo su ciki da `include`. Matse fayiloli kuwa bai ba da wahala ba, illa a tuna cewa `gzip` na Nginx HTML kaɗai yake matsewa sai an lissafa masa sauran a `gzip_types`, kuma ba a wahalar da kai wajen matse hotunan jpg da png, a matse suke.

Takardun shaida

Waɗannan su suka fi ba ni tunani, domin tsayayyun fayiloli ne amma ba na kowa ba. A tsohon tsari suna cikin foldar da ake iya kaiwa daga waje, abin da ke kare su kawai shi ne an ɗauka babu wanda ya san sunayensu. Sunayen kuwa lambar rajistar ɗalibi ce, lambobin a jere suke. Wanda ya ga tasa ya san ta maƙwabcinsa.

Muka kwashe su zuwa wata folda da ba ta ƙarƙashin tushen shafin kwata-kwata. Yanzu in ɗalibi ya danna saukewa, buƙatar manhaja take zuwa. Manhajar ta duba waye shi, ta duba takardar tasa ce, sannan maimakon ta ɗauki fayil ɗin da kanta, sai ta mayar da amsa marar jiki mai ɗauke da `X-Accel-Redirect`, wanda ke nuna wa Nginx inda fayil ɗin yake. Sashen da ke riƙe da foldar an yi masa alamar `internal`, wato duk wanda ya rubuta adireshinsa daga waje 404 zai samu. Manhaja ta yanke hukunci, Nginx ta ɗauki kaya. Masu Apache suna da makamancin wannan a `mod_xsendfile`.

Shafin sakamako da takardun duka muka sa musu `private, no-store`. Mutane suna rikita wannan da `no-cache`, sunan ne ke yaudara. `no-cache` bai hana ajiyewa ba. Cewa yake a ajiye, amma kafin a yi amfani da kwafin a tambayi sabar. Burauza ta aika tambarin kwafinta, ETag, in bai canza ba sabar ta amsa da 304 ba tare da ta sake turo jikin ba. Wannan ya dace da shafukan HTML na kowa, shi muka sa musu a ɓangaren burauza. `no-store` shi ne kada a ajiye ko kaɗan, abin da ake so ga ɗalibin da ya duba sakamako a kwamfutar da wasu ke amfani da ita bayansa. Rashin faɗin komai kuma ba tsaka-tsaki ba ne: ƙa'idar kash ta HTTP, wadda ke RFC 9111 na 2022, ta ba burauza damar ta ƙiyasta wa'adi da kanta, abin da aka saba shi ne kashi 10 cikin 100 na tsawon lokacin da fayil ya yi ba a taɓa shi ba. Fayil ɗin da ya kwana 100 ba canji, burauza na iya riƙe shi kwana 10 ba ta tambayi kowa ba.

Sashen masu gudanarwa yana da kulle na adireshin IP, `allow` ga wani rukunin adireshi, `deny all` ga saura. Da na duba rukunin, sai na ga adireshin na'urar rarraba buƙatu ne. Labarin a bayyane yake: an fara sa adireshin ofis, kowa ya kasa shiga, domin Nginx ba ta ganin mai ziyara, na'urar da ke gabanta take gani, aka duba rajista, aka ga adireshin da ake ƙi, aka ba shi izini. Duniya gaba ɗaya ta wannan adireshin take shigowa. Gyaran shi ne `set_real_ip_from` da adireshin na'urar kaɗai, da `real_ip_header X-Forwarded-For`, don Nginx ta karanta adireshin gaskiya daga abin da na'urar ta rubuta. Ba a buɗe wannan amana ga kowa, domin kowa na iya rubuta `X-Forwarded-For` na ƙarya da hannunsa. Na kuma toshe duk fayil mai farawa da ɗigo, irin `.git` da `.env`, na bar `.well-known` a buɗe saboda ta nan Let's Encrypt ke tabbatar da shafi kafin ya sabunta takardar HTTPS, wadda ke ƙarewa bayan kwana 90.

Shugaban ya so ya riƙa shiga daga wayarsa ko'ina yake, ya ji an ce `satisfy any` na barin mutum ya wuce da adireshi ko da kalmar sirri, ɗaya daga ciki. Gaskiya ne yana yi. Na ƙi, domin ma'anarsa kalmar sirri ɗaya da ake rabawa tsakanin ma'aikata ta zama ita ce katangar. Muka tsaya a kan VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar da ke haɗa na'urarsa da hanyar sadarwar cibiyar ko daga ina yake. Bai ji daɗi ba a makon farko.

Dawo da kash

Da tsayayyun fayiloli suka sauka daga wuyan manhajar, numfashinta ya dawo, har na yi tunanin barin kash a kashe. Amma ranar sakamako kowa shafin farko da na sanarwa yake bugawa, kuma waɗannan iri ɗaya ne ga kowa. Muka dawo da shi, da juya ƙa'idar: da, ana ajiye komai sai abin da aka cire, yanzu ba a ajiye komai sai abin da aka ambata da suna. Shafin farko, jerin darussa, sanarwa. Sabon shafin da wani zai ƙara gobe zai fara rayuwarsa a wajen kash, in ya yi nauyi a yi magana.

Layin toshe kunne ya tafi. Masu rubuta manhajar suka daina dasa kukin harshe a shafukan kowa, harshe ya koma cikin adireshi, wanda ya magance wata ƙaramar matsalar da aka daɗe ana gani ba a gane ba, ta shafi ya fito da harshen da mutum bai zaɓa ba. `proxy_cache_bypass` da `proxy_no_cache` suka zauna tare a kan kukin zama, tun da ko shafin farko yana nuna sunan wanda ya shiga a kusurwa. Wa'adin muka mayar minti 1. Yana kama da kaɗan, amma lissafin a sarari yake: ko mutum nawa suka zo cikin mintin, sau ɗaya manhajar za ta haɗa shafin, sanarwar da aka gyara kuma ba za ta wuce minti ba ta bayyana. Na ƙara `proxy_cache_lock` don in babu kwafi mutane da yawa suka zo tare, ɗaya ya je wurin manhaja saura su jira shi, da `proxy_cache_use_stale` don a ci gaba da ba da tsohon kwafi yayin da ake sabuntawa ko in manhajar ta faɗi. Wurin ajiye sunayen kwafi megabait 10 ne. Megabait ɗaya na ɗaukar suna kusan 8,000, shafukan cibiyar ba su kusa da haka ba.

Rajista yanzu tana rubuta matsayin kash na kowace buƙata. Akwai kuma ɗan fayil na gwaji da ake gudanarwa bayan `nginx -t` duk lokacin da aka taɓa saiti: asusun gwaji ya buɗe sakamako, nan take a nemi shafin ba kuki, dole a ga 302, a nemi takardar shaida kai tsaye, dole 404, a nemi sashen gudanarwa daga waje, dole 403, wato an hana shiga.

Abu ɗaya ya gagare ni gyarawa daga sabar. Tsohon sashen nan mai kama css da hotuna yana ɗauke da `expires max`, wanda a Nginx ke nufin wa'adin shekara 10 da ranar ƙarewa 31 ga Disamba 2037, a kan fayiloli masu suna ɗaya da ba ya canzawa. Duk burauzar da ta karɓi kwafi a lokacin an gaya mata kada ta dawo, kuma babu umarnin da zan rubuta ya isa gare ta, tun da ba za ta zo ta ji ba. Na shafin kansa sun warware da sauya suna. Amma tambarin cibiyar, wanda aka liƙa adireshinsa a tsofaffin saƙonnin imel da shafukan wasu, yana nan a tsohon sunansa. Da aka sake zana shi bayan wata biyu, shugaban ya kira ni yana tambayar me ya sa a kwamfutarsa har yanzu tsohon yake gani.